Na Rage Ci, Na Ƙara Tattaki, Sikeli Ya Ƙi Motsi

Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin makamashin da abinci ke bayarwa, jiki kuma ke ƙonawa. Da wannan lamba na fara, domin ni malamin lissafi ne, kuma duk abin da aka miƙo min da lamba a jikinsa nakan ɗauka an riga an yi min rabin aikin. Likita ya ce sukarin jinina ya haura na masu lafiya amma bai kai na masu ciwon ba, hawan jini ma ya fara leƙowa, sikelin asibiti kuma ya nuna kilo 104. Shekaruna sun haura 45. Ya ce in na iya zubar da kilo 10, yawancin abin da muke tsoro zai ja da baya. Ya tura ni sashen masu ba da shawara kan abinci, sai dai ni ina da tawa a gida: 'yar yayata ce, fannin ta karanta, kuma a wani asibiti take aiki a nan cikin garin Bauchi.

Ita ta zauna da ni muka yi ƙiyasi. Mutum mai tsayina da nauyina da irin aikina, in ji ta, yana ƙona abin da ya kai kalori 2,700 a yini. Muka ce a rage 700 daga abinci. Manhajar da ke wayata kuma ta ce tattakin awa ɗaya da sauri yana cin 400. Ka haɗa 700 da 400, ka samu 1,100, ka ninka sau 7, ya ba ka 7,700 cif. Kilo ɗaya ke nan duk mako. Kafin wata uku an wuce wurin. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Kawu, lissafin ya fita tsaf. Ka dai adana takardar, akwai ranar da za mu neme ta."

Rage kalori 700 a gidan Bahaushe ba sai an kwana da yunwa ba, wannan shi ne abin da ya fara ba ni mamaki. Sukarin shayin safe ya tafi. Lemon kwalbar da nake sha a ɗakin malamai da rana, wanda shi kaɗai ya kai wajen 200, ya tafi. Malmalar tuwon dare ta koma ɗaya maimakon biyu. Inda abin yake ɓoye kuwa shi ne mai: cokalin cin abinci guda na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, ga shi kuma ba wanda ke auna mai da cokali a kicin ɗinmu, daga kwalba ake tsiyayawa har sai ido ya gamsu. Sai kuma masa. Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san ba a ƙirga masa in an zuba mata miyar taushe, ci ake yi har sai kwano ya nuna gindinsa, kuma kowace guda sai da ta sha mai a tanda kafin ta iso gabanka. Aka yanke min ranar Juma'a kawai, guda huɗu. Uwargida ba ta ji daɗin tsarin ba ko kaɗan. "Malam, so kake dangi su ce na daina ba ka abinci?" Tana da gaskiyarta, domin a wurinmu mutum in ya rame ba a cewa ya yi ƙoƙari, sai dai a ja shi gefe a ce lafiya kuwa.

Tattakin kuma bayan sallar asuba nake yin sa. In fito daga unguwa in bi ta wajen Wunti, in zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, in juyo gida kafin masu Keke Napep su cika titi. Farkon farawa rigata jiƙewa take sharkaf, cinyoyina na gogar juna, numfashi sai na tsaya na nemo shi.

A makonni biyu na farko kilo 3 da rabi suka tafi. Na kira 'yar yayata ina murna, ta ce in sassauta, yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a wata siffa da ake kira gilaikojin, wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da an rage tuwo da shinkafa, wannan ajiya ce ake fara taɓawa, ruwanta ya bi fitsari. Abin da ke sa mutum ya ga wandonsa ya saki a kwanakin farko na azumi ke nan, ya kuma cika da an yi sallah. Bayan wannan sai abin ya daidaita, kusan kilo ɗaya a mako, yadda takarda ta ce. Sai ya koma rabi. Sai kwata. Zuwa wata na huɗu na tsaya a kilo 95 da 'yan giram, mako ya bi mako, sikeli ko gezau. Abincin nan dai shi ne, tattakin nan shi ne, har ma na ƙara masa tsawo.

Abin da ta fara tuhuma shi ne littafin da nake rubuta abincina. Ta ce ba raini ba ne, haka ake yi wa kowa. A 1992 an yi wani bincike a birnin New York kan mutanen da suka rantse ba sa cin abin kirki amma ƙiba ta ƙi sauka. Da aka auna su da kyau, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce wanda suke yi da kashi 51 cikin 100. Ba ƙarya suke shararawa ba, ido da tunani ne ba su iya awo ba. Ta kawo ƙaramin sikelin kicin, aka shafe mako ana ɗora komai a kai, har man miya, uwargida na tsaye tana kallon ikon Allah. Bambancin da aka samu bai wuce kalori 150 a yini ba, kusan duk daga mai. Wannan ba zai cinye giɓin 1,100 ba. Nan ta ce in ɗauko takardar nan.

Da 400 ɗin tattaki ta fara. Waya tana ƙirga duk abin da jiki ya ƙona a cikin wannan awa, har da wanda zai ƙona ko da a kan tabarma nake zaune ina lazimi. Mutum a zaune yana cin kusan kalori ɗaya ga kowane kilo a kowace awa, ni ke nan wajen 100. Saura 300. Sannan mai kilo 95 ba ya biyan abin da mai kilo 104 ke biya a tafiya iri ɗaya, tunda kayan da yake ɗauke da su sun ragu. A cire wani kusan kashi ɗaya cikin goma. Waɗannan biyu lissafi ne da ko ɗan aji uku zai gane. Na uku ne ban taɓa jin labarinsa ba.

Tsokar wanda ya rage nauyi takan koyi tsimi. Wasu likitoci biyu a New York, Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum, sun shafe shekaru suna kwantar da mutane a asibiti, suna ba su abinci a aune har su zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, sannan su auna abin da jikinsu ke ƙonawa. A 1995 suka wallafa cewa ƙonawar yini takan faɗi ƙasa da abin da sabon nauyin ya kamata ya bayar da wajen kashi 15 cikin 100, wato kalori 300 zuwa 400 a wurin mutane da yawa. A 2003 kuma suka ɗora irin waɗannan mutane a kan keken motsa jiki, suka ga a aiki mara nauyi tsokarsu tana yin aikin da ta saba da ƙarancin makamashi, bambancin ya kai wajen kashi 20 cikin 100. Aiki mara nauyi kuwa shi ne irin nawa, tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi. Na san wannan a jikina tun kafin in ji sunansa. Zagayen da a da ke jiƙa min riga yanzu ina gama shi ina hira da wani tsohon soja da muke haɗuwa a hanya, goshi ko laima babu. Rabin wannan sauƙi alheri ne, zuciya da huhu sun ƙarfafa. Ɗaya rabin kuma jiki ne ya gano yadda zai kai ni filin wasa ya dawo da ni da araha.

Sai 'yar yayata ta tambaye ni yadda nake wuni bayan tattakin. Na ce kamar kullum. Ta ce in lura dai. Ba a yi nisa ba wata yarinya a aji biyar ta amsa min tambayar ba tare da ta sani ba. Na ba su aiki, na ce kowa ya kawo littafinsa teburina, sai ta ce, "Malam, da kai kake zagayowa kana dubawa." Na tsaya da jan biro a hannu. Gaskiya ta faɗa. Ni da ɗalibai suka sani ba na zama a aji, daga allo zuwa bencin baya, in leƙa wannan, in ƙwanƙwasa wa wancan tebur, ga shi yanzu kujera ta zama abokiyata, monita nake sa wa ya goge allo, shi nake aike ya karɓo alli. Da na bi sauran yinin da ido sai na ga abin ya game ko'ina. Masallacin Juma'ar da nake takawa yanzu mashin nake hawa. Cefanen kasuwar Muda Lawal na bar wa babban ɗana. Bayan la'asar, lokacin da nakan ɗan taɓa gyaran gida ko in leƙa maƙwabta, kwanciya nake yi. Ba ranar da na zauna na yanke shawarar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, James Levine, ya nuna a 1999 cewa irin wannan ƙananan motsi, tsayuwa da zirga-zirga da mutsu-mutsu, yana iya kai ɗaruruwan kalori a yini, kuma jiki yana ƙara shi ko ya rage shi ba da sanin mai shi ba. Abin da na kashe da asuba ana karɓe wani kaso nasa da rana, a ɓoye.

Akwai kuma wanda ake karɓa ina barci. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mutum ke ƙonawa ba na motsi ba ne, na riƙe rai ne: ƙwaƙwalwa, hanta, zuciya, ƙoda, ɗumin jiki. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. In ci ya ragu, leftin yakan faɗi da sauri fiye da yadda kitsen ke raguwa, ƙwaƙwalwa ta karanta hakan a matsayin fari ya shigo. Sai ta sassauta aikin sinadarin tayirod, wanda ke fitowa daga ƙullutun nan na wuya da in ya kumbura muke kira maƙoƙo, shi ne kuwa ke saita saurin ƙonawar jiki. Ciki kuma ya ƙara fitar da girelin, mai tayar da yunwa, wanda Japanawa suka gano a 1999. Hunturun shekarar nan na ji sanyin da ban taɓa ji ba a Bauchi. Ni da nake fita asuba da riga ɗaya, sai ga ni da rigar sanyi da safa da hula, tafin hannuna kamar na wanda ya yi alwala da ruwan randa. Bugun zuciyata a zaune ya sauko daga 80 da 'yan kai zuwa 60 da 'yan kai. Raina ya riƙa saurin ɓaci. Ƙamshin ƙosai daga nesa sai ya tsaya min a rai har azahar. Akwai ma wani abin da ya yi sanyi wanda ba a faɗa wa 'yar yaya, sai dai na karanta shi da kaina daga baya.

A labarin wani gwaji da aka yi a Minnesota ta Amurka na karanta shi. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ba da kansu, ya rage musu abinci zuwa kalori wajen 1,570 a yini na tsawon makonni 24, ga kuma tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 35 duk mako. Sun zubar da kwatan nauyinsu. Ƙonawar jikinsu a hutu ta faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Sanyi ya dame su, sha'awar mata ta ɗauke, hira ta koma ta abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Nawa bai kai ko kusa da nasu ba, amma hanyar ɗaya ce, ni dai a farkonta na tsaya.

Yadda na fahimci abin a ƙarshe shi ne ta magidancin da aka zaftare wa albashi, a watan kuma aka ƙara kuɗin makarantar yara. Ba zai ci gaba da kashewa yadda ya saba yana kwasar ajiya har ta ƙare ba. Kuɗin makaranta dole ne, zai biya. Amma janareto zai daina kwana a kunne, nama zai ragu a miya, ziyarar ƙauye za ta koma sau ɗaya a shekara. Rage ci shi ne zaftare albashin, tattaki shi ne kuɗin makarantar, ni kuma na haɗa wa jikina su biyun a lokaci guda.

Masana sun auna wannan ramuwa. Herman Pontzer ya je wurin mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya a daji, ya auna abin da suke ƙonawa da wani ruwa na musamman da ake sha a bi sawunsa a fitsari. Sakamakon da ya fito a 2012 ya girgiza mutane: in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta da na ma'aikacin ofis a Amurka ko Turai ba. A 2016 ya sake dubawa a kan mutum 332 daga ƙasashe biyar, ciki har da Ghana da Afirka ta Kudu, ya ga ƙonawa tana hawa da motsi zuwa wani mataki, daga nan ta lafa ko an ƙara motsin. Wani nazari na 2021 kan mutum 1,754 ya sa wa abin lamba: a cikin kowace kalori 100 da aka ƙona da motsi, jiki yakan rama 28 ta wani wurin, a wurin masu ƙiba sosai kuma ramuwar takan kusa rabi. Waɗannan ma mutane ne da ke cin abincinsu yadda suka saba. Wanda ya ɗora rage ci a kai ya ba jiki dalili biyu na yin tsimi. Da muka gama cire-cire a takardata, 1,100 ɗin nan ta koma abin da bai fi 200 zuwa 300 ba, wanda masar Juma'a da ɗaurin aure ɗaya sun isa su share.

Da na ba da wannan labari a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce ashe ke nan motsa jiki wahalar banza ce. Ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. An bi diddigin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, inda ake haɗa yunwa mai tsanani da atisayen sa'o'i. Kevin Hall da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 cewa shekara shida bayan gasar, ƙonawar jikinsu a hutu tana ƙasa da yadda ya kamata da wajen kalori 500 a yini, kuma yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin. Amma a cikinsu, waɗanda suka ci gaba da motsa jiki sosai su ne suka fi riƙe abin da suka zubar. Sannan wannan gasa ce ta ganganci. A wurin masu rage ci a hankali, wasu masu bincike sun samu ragin bai kai kalori 100 ba, kuma yana ƙara raguwa in nauyi ya zauna wuri ɗaya na 'yan makonni. Saboda haka masu tallar shayin rage tumbi da ke cewa injin jikinka ya mutu sai sun tayar maka da shi, ciniki suke nema. Jikin bai lalace ba, aikinsa yake yi.

Sabon tsarin da 'yar yayata ta zana min ya saɓa wa abin da hankalina ke so. Ni ina tunanin a ƙara rage tuwo a ƙara tsawon hanya, ita kuwa ta ce a ƙara ci da wajen kalori 300, a tsaya a haka wata guda ba tare da neman ragin ko giram ba, a rage tattaki zuwa minti 40, a shigo da ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako. Sai da ta sa aka duba min ƙoda, aka ga lafiya, sannan ta ɗaga min furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake. Hujjarta wani gwaji ne da aka yi a jami'ar McMaster ta Kanada a 2016: samari 40, an rage musu ci da kashi 40 cikin 100 na makonni huɗu, duka suna atisaye mai tsanani har da ɗaga ƙarfe. Rabin da aka ba furotin mai yawa sun zubar da kitse kilo 4.8, suka kuma ƙara tsoka fiye da kilo ɗaya. Sauran sun zubar da kilo 3.5, tsokarsu ta tsaya yadda take. Wanda ke rage ci ba ya ɗaga komai kuwa, kusan kwatan abin da yake zubarwa ba kitse ba ne.

Furotin a albashin malamin makaranta sai da dabara. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ita kuma tana neman in haura 100 a yini. Nama kullum ba zai yiwu ba. Muka koma kan wake, wanda Allah ya hore mana a wannan yanki: alale maimakon ƙosai saboda mai, dafaffen wake da zogale, awara da aka gasa ba soyawa ba, kindirmo ba sukari, busasshen kifi a miya, ƙuli-ƙuli a kwaɗon rama. Wani abin da na lura da shi tun makon farko shi ne yunwar ƙarfe goma na safe ta lafa. Furotin yana daɗewa a ciki, kuma jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kalorinsa wajen narkar da shi, inda mai bai wuce kashi 3 ba.

Wurin ɗaga ƙarfen wani kango ne a bayan layinmu, inda samarin unguwa suka ajiye sandunan ƙarfe da aka cusa a gwangwanayen fenti cike da siminti, da wani benci da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Ranar da na leƙa duk suka daina abin da suke yi. Mai kula da wurin tsohon ɗalibina ne, wanda na sha kora daga aji kan rashin yin aikin gida, yanzu ƙirjinsa ya kusa cika ƙofa. Ya rusuna ya gaishe ni, na gaya masa abin da ya kawo ni, ya kasa ɓoye murmushi. Bai bar ni na taɓa ƙarfe ba a ranar. Ya ajiye kujera a bayana ya ce in zauna in tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma, in huta, in sake. Abin da muke sa yara su yi suna riƙe da kunne in sun makara, shi ne ga ni ina yi a gaban yaran. A zagaye na uku cinyoyina suka fara rawa. Daga nan ya cika jarka biyu rabi-rabi ya ce in ɗauka, ɗaya a kowane hannu, in kai bango in dawo. Da na sunkuya zan ɗauka ya dafa min baya. "A'a Malam, da gwiwa ake sauka, baya a miƙe. Kalli gabanka, kada ka kalli jarkar." Washegari da ƙyar na yi ruku'u. Yau jarkokin a cike nake ɗaukarsu, lita 20 kowace, kuma na kai ga gwangwanayen simintin.

Kada a zaci tsokar ce ke cinye kitsen da kanta, yadda samarin kangon ke faɗa. Kilo ɗaya na tsoka a hutu kalori 13 kawai yake ƙonawa a yini, bai kai ƙaramin cokali na sukari ba. Amfanin ɗaga nauyi ga mai rage ci shi ne ya hana jiki cin tsokarsa, ya tilasta masa komawa kan kitse. Ga mai matsala irin tawa kuma akwai wanda ya fi wannan: tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, tsokar da ta yi aiki kuma ta fi saurin kwasa. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, kan mutum 3,234 masu sukari a matakin da nawa yake, waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100, maganin sukari na metformin kuma ya rage da 31. Kashi 7 na 104 bai kai kilo 8 ba. Ashe tun ina kukan sikeli ya tsaya na riga na wuce wurin.

A watan hutun sikeli ya hau da kusan kilo ɗaya, ruwan gilaikojin ne ya dawo, an riga an gargaɗe ni. Sanyin hannu ya tafi. Na koma zagaya aji, wannan karon da gangan, har na fitar da kujerar na kai ta ɗakin malamai. Na sa wa kaina dokar taka duk inda bai wuce tafiyar minti 15 ba. Barci ma ya shiga tsarin, domin wanda ke tashi asuba yana kuma kai wa sha biyun dare a majalisa yunwa ce ke jiransa da safe. Na daina zaman bayan isha'i sai ranar Asabar, abokai suka yi ta tsiya har suka gaji. Da muka koma rage ci, 400 kawai aka cire, ba a kuma sa tattaki a lissafin ba sam. Ragin ya dawo, amma a hankali, kilo ɗaya ko ƙasa da haka a wata.

Tela ne ya fara ba ni labarin da sikeli bai bayar ba. Na je awon kayan sallah, ya zagaya min tef a ƙugu, ya duba tsohon littafinsa, ya sake zagayawa. Inci 44 ne a rubuce, tef kuma ya ce 39. Kafaɗa ba ta ragu ba. A azumi na mayar da tattaki zuwa gab da buɗa-baki, ɗaga nauyi kuma bayan tarawihi, ban nemi ragi ba, na fito yadda na shiga.

Yanzu ina kilo 91. Awon jini na baya-bayan nan ya nuna sukari ya koma cikin iyakar masu lafiya, hawan jini ya sauka ba tare da an fara min magani ba. Abin da zan ci in tsaya a wannan nauyi, bisa abin da muka gani a littafi da sikeli, bai wuce kalori 2,300 ba, ƙasa da abin da manhajar waya ke ba mutumin da aka haifa ya girma a kilo 91 bai taɓa haurawa ba. 'Yar yayata tana so a nemi wasu kilo 5, ta ce gwiwoyina za su gode min. Na ce mata a bar ni a nan tukuna har shekara ta zagayo, in ga ko zan iya riƙe wanda na samu. Mun ajiye maganar zuwa bayan babbar sallah, lokacin da za a sake awon jini, kuma ta riga ta sanar da uwargida cewa ita za ta zo da kanta ta raba min kasona na soyayyen naman layya.